Bin Sawu A Intanet: Wace Burauza Ce Ta Dace Da Ɗalibi?

A ƙasar Gobir, daga Alkalawa zuwa Sabon Birni da Isa, bin sawu tsohon ilimi ne. Idan saniya ta ɓata, gwanin makiyayi yakan dubi rairayin bakin gulbin Rima ya faɗi inda ta nufa, har ya ce tana ɗingishi da ƙafar hagu. A ilimin halittu ma mun san cewa tururuwa tana zubar da wani sinadari a kan hanyarta, 'yan'uwanta su bi ƙanshinsa har rumbun hatsi. Mai shiga intanet shi ma yana barin sawu, kuma akwai kamfanonin da ba su da wata sana'a sai binsa. Yawan sawun da zai bari ya danganta ƙwarai da burauzar da ya zaɓa, wato manhajar buɗe shafuka, irin su Chrome da Opera Mini da Firefox.

Hanya ta farko ta bin sawu ita ce kuki. Wannan wani ɗan guntun rubutu ne da shafi yake ajiyewa a wayarka domin ya gane ka idan ka dawo. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, kuma da kyakkyawar manufa, domin in ba da shi ba sai ka riƙa rubuta kalmar sirrinka a kowane shafi. Ɓarnar tana zuwa ne daga kukin baƙo. Shafin labarai yakan ɗauko talla daga wani kamfani dabam, wannan kamfanin ya liƙa maka nasa kukin, kamar yadda kaska take manne wa saniya ta bi ta kowace makiyaya. Gobe in ka buɗe shafin magunguna ko na rancen kuɗi mai ɗauke da tallan kamfanin nan, sai ya gane cewa mutumin jiya ne. Da haka ake tara tarihin mutum: ciwon da yake bincike a kai, da bashin da yake nema, da sa'ar da yake kwanciya barci.

Hanya ta biyu ta fi wuyar gujewa. Bagobiri mai tsage ba ya buƙatar faɗin asalinsa a kasuwa, fuskarsa ta riga ta faɗa. To, kowace burauza tana gaya wa shafi irin wayar da take ciki, da girman allonta, da harshen da aka saita, da agogon ƙasar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba komai ba ne, amma idan aka haɗa su sai su zama tsage. A 2010 Peter Eckersley na ƙungiyar EFF ta Amurka ya gwada burauza kusan 470,000, ya tarar kimanin kashi 84 cikin 100 ba su da tagwaye. Goge kuki ba ya kankare wannan alama.

Yanzu sai mu dubi burauzocin da ke hannunmu. Chrome ce aka fi samu a wayoyin Android, tana da sauri kuma tana da ƙarfi wajen tare 'yan damfara. Sai dai mai ita, wato Google, yana samun fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗinsa daga talla. A 2020 kamfanin ya yi alkawarin kawar da kukin baƙo daga Chrome, ya yi ta ɗagawa, a 2024 kuma ya janye maganar. Firefox ta fara tare kukin masu bin sawu da kanta tun 2019, Safari ta wayoyin iPhone ta rufe ƙofar kukin baƙo gaba ɗaya a 2020, Brave kuwa tana tare talla da 'yan bin sawu tun daga ranar da aka sauke ta. (Abin mamaki, mafi yawan kuɗin da ke riƙe da Firefox daga Google yake fitowa.) Game da UC Browser, masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto sun nuna a 2015 cewa tana aika lambar waya da ta layi da wurin da mutum yake ba tare da kyakkyawan kulle ba. Indiya ta haramta ta a 2020.

Opera Mini tana buƙatar dogon bayani, domin ita ce abokiyar mai ƙaramin data da mai raunin sabis, kuma irin waɗannan su ne mafi yawa a ƙauyukan gabashin Sakkwato. Idan aka sa ta a matakin tsimi mafi tsanani, waya ba ta zuwa shafi da kanta. Kwamfutocin kamfanin Opera ne suke ɗauko shafin, su matse shi, sannan su miƙo maka. Shi ya sa take buɗewa inda sauran suka kasa. Amma ɗan aiken da zai taƙaita maka wasiƙa dole ne ya buɗe ta. A ganina, babu laifi a karanta labarai ko sakamakon ƙwallo da ita. Shiga asusun banki ko shafin JAMB kuwa, gara a yi shi da Firefox ko Brave, ko da za a ƙara kashe data.

Ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa shafin sirri, wanda Chrome take kira Incognito, layar zana ce. Aikinsa kawai shi ne ya hana waya ajiye tarihi. Yana da amfani sosai ga wanda yake aron wayar yayansa ko yake rajistar jarrabawa a shagon kwamfuta, domin na bayansa ba zai tarar da asusunsa a buɗe ba. Amma shafin da aka ziyarta yana ganin mai ziyara. An kai Google ƙara a Amurka kan wannan batu, kuma a 2024 ya amince zai goge biliyoyin bayanan da ya tara.

Akwai kuma iyakar da babu burauzar da take wucewa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Sabon Birni da Isa. A lokacin kowace irin manhaja ta zama banza, sai dai ga wanda ya samu layin Nijar daga tsallaken iyaka. Wannan ya nuna cewa komai yana bi ne ta turken kamfanin waya. Kamfanin ya san turken da wayarka take magana da shi, kuma tun daga Disamba 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Abin da ke kare mutum a nan shi ne doka, wato Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda ta bai wa kowa damar tambayar kamfani abin da ya tara a kansa.

Malamin da yake son ɗalibansa su gani da idonsu zai iya gwadawa a aji da waya ɗaya. A buɗe shafin wata jarida da Brave, a taɓa alamar zaki da ke kusa da adireshin, za a ga adadin masu bin sawun da ta tare. Sai ɗalibai su gwada shafuka biyar ko shida, su rubuta adadin kowanne a allo, kamar yadda muke ƙidayar kaska a jikin dabbobi garke bayan garke.