Josef Kriehuber, mai zanen dutse da ya adana fuskokin makaɗan Biyana

A shekarar 1846 aka buga wani hoto a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya wanda har yau masu tarihin kiɗa ke komawa gare shi. Franz Liszt na zaune a gaban fiyano, Hector Berlioz da Carl Czerny na tsaye a bayansa, Heinrich Wilhelm Ernst kuma na gefe riƙe da gogensa na Turawa. A ɗaya gefen akwai wani mutum zaune da takardar zane a hannu. Shi ne Josef Kriehuber, mai hoton da kansa, ya saka kansa cikin baƙin.

Irin wannan zama Turawa ke kira kiɗan ɗaki: makaɗa biyu, uku ko huɗu a falo, babu babbar ƙungiya, masu saurare kaɗan. A lokacin babu na'urar ɗaukar murya, sai 1877 Thomas Edison ya ƙero ta. Ernst ya rasu a 1865, ke nan babu mai rai da ya taɓa jin gogensa, duk da ya yi suna a Landan wajen kaɗa waƙoƙin Beethoven na mutum huɗu. Fuskarsa da yadda yake riƙe gogen ne suka rage.

Dabarar da Kriehuber ya ƙware a kai ana ce mata litogarafi, wato buga hoto daga dutse. Alois Senefelder ne ya gano ta a Jamus a 1796. Ana goge wani farin dutse har ya yi sumul, a yi zane a kansa da alli mai maiƙo, sannan a shafe shi da ruwan ƙaro haɗe da ɗan asid. Ƙaron nan dai shi ne na dakwara da aka sani a Sahel. Idan aka jiƙa dutsen, ruwa ya kan zauna inda babu zane, tawada mai mai kuma ta kama layukan zanen kawai. Sai a ɗora takarda a danne. Wahalar ita ce komai na fitowa a juye, don haka mai zane sai ya yi aikinsa a baibai, in ba haka ba mai goge ya fito bahago.

An haifi Kriehuber a Biyana a 1800, kuma ya bar hotuna wajen 3,000: sarakuna, hafsoshi, ƴan wasan kwaikwayo da makaɗa. Ya zana Niccolò Paganini a 1828. Hoton Robert Schumann da aka fi yaɗawa a littattafai da bangon faifai, na 1839, aikinsa ne.

A wannan shekarar ta 1839 aka bayyana dabarar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faris. Ba a lokaci guda ta cinye kasuwar ba, amma sannu a hankali masu kuɗi suka koma wurin mai kyamara, wanda ya fi sauri kuma ya fi araha. Aiki ya ja baya, Kriehuber ya ƙare rayuwarsa cikin rashi, ya rasu a watan Mayu 1876.

Da yawa daga cikin hotunan na ajiye a gidan tarihi na Albertina da babban ɗakin karatu na ƙasar Ostiriya. Suna yawo a intanet kyauta.