Ƙonewar ganyen dankali: Yadda masu bincike ke neman riga cutar isa gona

Sanyi da hazo da yawan yayyafi ne suka sa dankalin Turawa ya karɓi ƙasar Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, har Jihar Filato ta zama kan gaba wajen noma shi a Najeriya. Sai dai wannan yanayin shi ne kuma wanda babbar abokiyar gabarsa ta fi so. A daminar 2022 cutar ƙonewar ganye ta afka wa gonakin yankin, manoma da dama suka tashi ba uwa ba riba.

Ƙwayar da ke haddasa ta, mai suna Phytophthora infestans, an daɗe ana lissafa ta cikin dangin funfuna, kafin bincike ya nuna cewa ta fi kusanci da wata gansakukar teku. Ita ce ta halaka dankalin ƙasar Ailan daga 1845, yunwar da ta biyo baya ta ci rayukan mutane kimanin miliyan ɗaya. Tana kama tumatir ma.

Alamarta ta farko ita ce tabo mai duhu a gefen ganye, kamar an zuba masa ruwan zafi, da farin gashi-gashi a bayansa da sassafe. Iska na ɗaukar ƙwayoyin zuwa maƙwabtan gonaki, ruwan sama kuma ya wanke su cikin ƙasa su ruɓar da 'ya'yan. Idan yanayi ya yi mata daɗi, cikin mako biyu gona kan koma baƙa ƙirin. Saboda haka, a lokacin da ido ya ga tabon, sau tari cutar ta riga ta yi nisa, kuma wani ɓangare na binciken zamani ya karkata ne ga gano ta tun kafin hakan.

Hanya ta farko ita ce lura da yanayi. Masana a Cibiyar James Hutton da ke Birtaniya sun tsara ma'aunin gargaɗi: idan aka yi kwana biyu a jere ma'aunin zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, danshin iska kuma ya kai kashi 90 cikin 100 na aƙalla sa'o'i shida kowace rana, to haɗari ya ƙarato. Da wannan ake aika wa manoma saƙo su yi feshi. Muhimmancinsa shi ne, magani irin mankozeb kariya yake bayarwa a bayan ganye, ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu.

Hanya ta biyu ita ce wayar hannu. Manhajar Nuru, wadda Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka ta ƙirƙira tare da Cibiyar IITA mai hedikwata a Ibadan, tana duba ganye ta kyamara ta faɗi abin da ke damunsa, ko da babu intanet. An faro da rogo, daga bisani aka faɗaɗa zuwa wasu amfanin gona.

Feshi kaɗai ba ya isa, domin ƙwayar tana sabawa da magani. Tun a farkon shekarun 1980 aka samu nau'inta da ya daina jin metalaksil a Turai. Wannan ya sa aka koma ga irin shuka. Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya da ke Peru ta ɗebo ƙwayoyin gado uku daga dankalin daji na nahiyar Amurka ta sanya su cikin wanda ake nomawa, domin idan cutar ta karya ɗaya, biyu su tare ta. An gwada shi a Uganda, an kuma yi gwaji a killatattun gonaki a Filato, inda Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Umudike ke da reshe a Kuru. Har yanzu ana muhawara a ƙasar nan kan irin da aka sauya wa halitta, kuma sai da amincewar hukuma zai isa hannun manoma.

Kafin nan, abin da bincike ya tabbatar bai fi ƙarfin ƙaramin manomi ba: shuka iri mai lafiya, binne ruɓaɓɓen dankali maimakon jibge shi a bakin gona, ɗaga kunya don rufe 'ya'yan, da yanke ganye kamar mako biyu kafin haƙa. Abin da ya rage shi ne mai kai masa gargaɗi a kan lokaci, aikin da ke wuyan malaman gona da hukumar hasashen yanayi.