Maganin da rana ke cinyewa kafin ya isa Bilma

A bayan kwalin magani akwai wani gargaɗi da ake rubutawa da ƙananan haruffa: a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba. A Agadas kuwa, daga Afrilu zuwa Yuni, ko a inuwa zafi yakan haura digiri 40. Maganin da zai zo nan sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 900 daga Yamai, wani kuma nan ne ma zangonsa na farko, domin da sauran tafiya zuwa Arlit, Iferwan, Dirku ko Bilma. Shin abin da ke cikin ƙwayar nan yana nan da ƙarfinsa ranar da majinyaci zai haɗiye ta?

Amsa wannan tambaya aikin masana haɗa magunguna ne, kuma a makaranta ake koyonsa. Mutane da yawa sun ɗauka mai farmasi ɗan kasuwa ne da ya iya karanta rubutun likita. Alhali shekarun da ɗalibi ke yi a tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, ko a Dakar, Bamako da Zariya, yawancinsu a kan sinadarai suke ƙarewa: yadda ake haɗa su, yadda jiki ke sarrafa su, da yadda suke lalacewa.

Ranar ƙarewar aiki da ake bugawa a kwali ba ƙiyasi ba ce. Kamfani yakan sa samfurin magani a wani akwati da aka daidaita zafinsa da raɓarsa, wani kaso a digiri 40 na wata shida, wani a digiri 30 na tsawon lokaci, ana ciro shi jefi-jefi ana auna sinadarin da ya rage. Galibi idan ya gaza kashi 90 cikin ɗari na abin da aka rubuta, to ya tashi daga aiki. Akwai kuma wata ƙa'ida da kowane ɗalibin fannin ya sani: ƙarin digiri 10 na zafi yakan ninka saurin lalacewar sinadarai da yawa. Ke nan ranar da ke kan kwali alkawari ne mai sharaɗi, kuma rufin kwano a watan Mayu yakan karya sharaɗin.

Abin ya fi ciwo a ɗakin haihuwa. Allurar oxytocin, wadda ake yi wa mace don tsayar da zubar jini bayan ta sauka, tana son firiji, tsakanin digiri 2 da 8. In ta sha zafi, ruwan cikin kwalbar ba ya sauya kama, ungozoma ba za ta gane komai da ido ba, sai dai ta ga jini ya ƙi tsayawa. Haka insulin na masu ciwon suga.

Bincike ya nuna ana iya shawo kan irin wannan. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi da mata kusan 30,000 a ƙasashe goma, har da Nijeriya, a kan wani nau'in allurar carbetocin da ke jure zafi ba sai da firiji ba. Rigakafin sanƙarau na MenAfriVac, wanda aka fara yi a Nijar a 2010, shi ma daga baya an tabbatar yana iya kwana huɗu a waje da firiji muddin zafi bai wuce digiri 40 ba. Ga ma'aikacin da zai bi makiyaya cikin duwatsun Ayar, kwana huɗun nan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga kuma jabu. Nijar ba ta manta 1995 ba, lokacin da aka yi wa mutane fiye da 50,000 allurar sanƙarau ta jabu ana tsakiyar annoba. A 2015 ma an sake kama irinta. Ƙasar tana da ɗakin gwaji na LANSPEX, amma a Yamai yake, Agadas kuwa mashiga ce ta kayan da ke zirga-zirga tsakanin Libiya, Aljeriya da kudu, har da tramadol da ke halaka matasa.

A ganina, nan ne ya kamata makarantar haɗa magunguna ta karkato da bincikenta. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu ya zo Agadas da na'urar auna zafi, ya sa ta cikin kwalin magani tun daga sito har zuwa asibitin ƙauye, ya sayo samfuri a kantuna da hannun masu talla, ya koma ya auna. Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, tana da malaman kimiyya da za su iya karɓar irin waɗannan ɗalibai. Su kansu ganyayen da ake sayarwa a kasuwar garin, irin su filasko da tazargade, suna jiran wanda zai auna ƙarfinsu ya faɗi adadin da ya dace a sha, da wanda bai kamata mai ciki ko yaro ya kusanta ba.