Batirin Mota: Tsakanin Garanti, Haƙƙi da Alfarmar Mai Shago

Duk shekara, da zarar hunturu ya kankama a watannin Disamba da Janairu, muhawara guda takan dawo tashoshin mota da garejin kanikawa na kudancin Jihar Kano, tun daga Bebeji da Tiga, zuwa Kwanar Dangora da Kafin Maiyaki a ƙasar Kiru, har Tudun Wada da Doguwa. Motoci da dama sukan ƙi tashi da asuba sai an tura su, direbobi su ce batiran da ake sayarwa yanzu duk jabu ne, garantin da ake ba su kuma bai wuce fatar baki ba, masu shaguna su ma su ce mai mota ne ya kashe kayansa da hannunsa sannan ya dawo neman sabo a kyauta. Muhawarar ta ƙara zafi tun 2023, shekarar da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, aka kuma bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yuni, domin akasarin batiran daga waje ake shigo da su, farashinsu kuwa dala yake bi.

Abin da ya hana rigimar ƙarewa shi ne ɓangarorin biyu suna cakuɗa abubuwa uku mabambanta, wato garantin kamfani, da haƙƙin da doka ta bai wa mai saye, da alfarmar da ɗan kasuwa yake yi don sani da sabo. Ba za a iya raba su ba sai an fahimci yadda batir yake mutuwa, domin duk taƙaddamar tana komawa ne ga tambaya ɗaya: aibin daga masana'anta ya taho, ko a cikin motar ya samu?

Yadda batir yake mutuwa

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar batir kamar randa, wadda ake kwashe ruwanta har ƙasa a sake cika ta ba tare da ta ji a jikinta ba. Batirin mota, wanda asalinsa ya koma ga ƙirƙirar Bafaranshe Gaston Planté a 1859, yana da ɗakuna shida, kowane yana ba da kimanin bolt 2.1, su haɗu su ba da 12.6 idan cajinsa ya cika, kuma a cikin kowane ɗaki akwai farantan dalma da aka tsoma a ruwan asid. Lokacin da batir yake ba da wuta, asid ɗin yakan haɗu da dalmar ya haifar da wani farin gishiri a jikin farantan, idan kuma altaneta, wato na'urar da take yi wa batir caji yayin da inji ke aiki, ta mayar masa da wuta, sai gishirin ya narke ya koma yadda yake. Matsalar tana farawa ne idan aka bar batir kwanaki ko makonni ba tare da cikakken caji ba, domin gishirin yakan sandare ya ƙi narkewa, kuma duk inda ya sandare a jikin faranti, wurin ya daina aiki ke nan.

Misalin wannan shi ne tukunyar tuwo, wadda idan aka jiƙa ta bayan an kwashe, ƙanzonta zai fita cikin sauƙi, amma idan ta kwana uku a rana sai an kankare, wani ma ba zai fita ba. Haka siminti yake a bakin shebur, ruwa kaɗan ya ishe shi idan ɗanye ne, amma idan ya kwana sai guduma. Haka kuma kwata take, wadda idan ana share ta kullum ruwa yana wucewa, idan kuwa aka bar laka ta bushe a cikinta sai hanyar ta ƙuntata. Saboda haka batirin da aka bari ya sauka ƙwarai sau da yawa, ko da mai caji ya kwana da shi, ba zai koma ƙarfinsa na farko ba.

Daga nan ake gane cewa tsadar fetur ma tana cin batir, domin motar da a da take fita kullum yanzu takan yi mako biyu a ajiye, alhali agogonta da ƙwaƙwalwarta suna tsotsar wuta a hankali, ga shi kuma batirin da kansa yana sauka ko ba a jona masa komai ba. Gajeriyar tafiya daga gida zuwa kasuwa ba ta isa ta biya abin da tayar da inji ya cinye ba, haka ma bel ɗin altaneta idan ya yi sako-sako. Akwai kuma al'adar jona amsa-kuwwa ko cajin wayoyi a jikin mota inji a kashe, da cire batir a kai shi gida a haɗa da sola ko fanka. Batirin mota dokin sukuwa ne, an yi shi da farantai sirara masu yawa don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi sannan a mayar masa nan take, batirin sola kuwa jakin kaya ne mai farantai masu kauri, wanda yake jure sauka a hankali tsawon dare. Wanda ya ɗora wa doki mangala ya yi ta jigilar yashi da shi, ba shi da hujjar komawa wurin wanda ya sayar masa idan dokin ya rame.

Zafi ke kisa, sanyi ke tona asiri

Kuskure na biyu shi ne ɗora wa hunturu laifin da bazara ta aikata. A watan Afrilu zafin ƙasar Kano yakan haura digiri 40, abin da yake ƙarƙashin murfin inji kuwa ya fi haka nesa, kuma ƙa'idar da masana batir suke ƙiyasi da ita ita ce duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan digiri 25 yana rage rabin kwanan batir. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana kuma cinye ragar dalmar da take riƙe da farantan, amma ba a lura, domin inji mai ɗumi ba ya buƙatar ƙarfi sosai kafin ya tashi. Idan sanyin asuba ya sauka, musamman a ƙasar Doguwa mai tuddai da dajin Falgore, sai baƙin mai ya yi kauri, aikin asid ɗin ya yi sanyi, raunin da ya ɓuya tun bazara ya bayyana. Gara ce ta cinye azara tun rani, ruwan farko kuwa zuwa kawai ya yi ya tarar da rufin ya gama lalacewa.

A kan wannan sai wasu masu gyara su ƙara ɓarna da sunan magani. Idan ruwan batir ya ragu, ruwan ne ya ƙafe, asid ɗin yana nan, don haka abin da ake ƙarawa shi ne tataccen ruwan da aka yi don batir, kamar yadda miyar da ta ƙone ake ƙara mata ruwa ba gishiri ba. Ƙara asid yana ƙona farantan, ruwan rijiya ko na burtsatse kuma yana ɗauke da ma'adanan da suke gurɓata su. Cire kan batir inji yana aiki don a gwada altaneta dabara ce ta tsofaffin motoci, a motocin yanzu tana iya ƙona ƙwaƙwalwar mota. Batirin da ba a ɗaure shi da kyau ba kuwa, a hanyoyin ƙauye da ake jigilar masara da shinkafa da rake, girgiza ce take kakkaɓe farantansa.

Garanti, haƙƙi, alfarma

Garanti alkawari ne da kamfani yake ɗauka ta hannun dila, yawanci na wata shida ko shekara guda, cewa zai canza batirin idan aibin ƙira ya bayyana a cikinsa, kamar mutuwar ɗaki ɗaya, ko yankewar mahaɗa ta ciki, ko yoyo daga wurin liƙi. Irin wannan aibi yakan fito da wuri, kuma yana da alama, domin batirin da ɗakinsa ɗaya ya mutu yakan tsaya a wajen bolt 10.5 ko da an cika shi da caji. Garanti ba ya ɗaukar batirin da ya sauka kawai, ko wanda ya kumbura saboda altaneta tana ba shi wuta fiye da kima, ko wanda ya fashe, kuma kamfanoni da yawa suna gajarta wa'adin ga motocin haya. Gwajin da yake raba gardama bai da wuya, domin ƙaramar mita tana nuna ko altaneta tana ba da abin da ya kamata, wato tsakanin bolt 13.8 da 14.5 inji yana aiki.

Sai dai laifin ba na masu mota ba ne kaɗai. Batir yana tsufa a kan kanta, musamman a shago mai rufin kwano, kuma wanda ya shekara a ajiye ba tare da caji ba ya riga ya fara sandarewa kafin a saye shi. Akwai kuma tsofaffin batiran da ake wankewa a sauya musu asid a manna musu sabuwar takarda. Ɗan kasuwar da ya ƙi rubuta rasit, ko ya ƙi nuna lambar ranar ƙira da take jikin batir, ya toshe hanyar tabbatar da gaskiya tun kafin a fara nemanta.

Haƙƙi kuwa yana nan ko ba a rubuta garanti ba. Dokar gasa da kare masu sayen kaya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi cikin wata uku, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa, kuma rubutun da ake yi a ƙasan rasit cewa kaya in sun fita ba sa dawowa ba ya soke wannan. Hukuncin ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ake karantawa a Risalar Ibn Abi Zaid a zaurukan malamai, ya ba wanda ya tarar da ɓoyayyen aibi a abin da ya saya zaɓin ya riƙe ko ya mayar, ya kuma haramta algus da ɓoye aibi.

Alfarma ita ce abin da ya zo bayan waɗannan biyu sun ƙare. Manyan kamfanonin mota a Turai da Amurka suna da tsarin ɗaukar wani kaso na kuɗin gyara bayan wa'adin garanti ya wuce da kaɗan, musamman ga wanda ya saba kai motarsa wurinsu, amma abu ne na ganin dama. A kasuwannin Hausa wannan yakan zo ta hanyar rangwame a kan sabo, ko karɓar tsohon da daraja, ko ba da aron batir kafin a gama gwada na abokin ciniki. Malaman fiƙihu suna kiran makamancinsa iƙala, wato mai sayarwa ya yarda a warware cinikin da ya riga ya ƙullu don tausaya wa wanda ya yi nadama, kuma hadisi ya kwaɗaitar da yin ta. Ita alfarma roƙonta ake yi, ba a ƙwatarta da tara jama'a a ƙofar shago, kuma wanda aka yi wa ita godiya ce ta hau kansa. Haka nan zalunci ne mai shago ya canza batirin da ya mutu a wata na biyu saboda aibin ƙira, sannan ya riƙa goranta wa mai shi kamar kyauta ya yi masa, ko ya nemi ciko a kan abin da yake haƙƙinsa ne.

Nisa da rashin mai duba

Mutanen kudancin Kano suna da wata matsala ta daban, ita ce nisa. Direban da ya taso daga Riruwai, hedkwatar Doguwa, ya ratsa Falgore da Tudun Wada ya kai Kasuwar Ƙofar Ruwa a birnin Kano ya sayo batir, idan ya mutu sai ya lissafa kuɗin mota da asarar yinin aiki, sau da yawa ya haƙura. Hukumar FCCPC, da SON mai kula da ingancin kaya, da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Jihar Kano, ayyukansu a birni aka fi jin su, alhali doka ba ta ce haƙƙi yana ƙarewa a Kwanar Dangora ba. Da ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta kanikawa ta NATA za su ajiye na'urar gwajin batir a manyan tashoshi, da yawancin rigingimun sun mutu a wurin.

Tsohon batirin ma amana ne. Zubar da asid ɗinsa a ƙasa da fasa shi a cikin gida don cire dalma yana jefa yara cikin haɗari, kuma gubar dalma ce, wadda ta fito daga duwatsun zinare, ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara a 2010. Hukumar NESREA mai kula da muhalli ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, amma matakin farko yana hannun mai mota, wato ya mayar da tsohon a rufe ga wanda ya sayar masa da sabo.

Saboda haka duk mai shirin canza batir ya fara da gwada altaneta, ya sayi mai girman da motarsa take ɗauka, ya duba ranar ƙira, ya sa a auna shi a gabansa, ya karɓi rasit mai kwanan wata da lambar batir da wa'adin garanti. Wurin cirewa a kashe inji a fara da kan da yake da alamar ragi, wurin ɗaurawa shi ne na ƙarshe, a kuma nisanta wuta da taba, domin batir yana fitar da iska mai kamawa. Mai shago ya biya haƙƙi ba tare da gori ba, mai mota ya nemi alfarma da ladabi, hukumomi kuma su fito daga birni su leƙa kasuwannin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, domin mutanen can ma da guminsu suke sayen batir.