Yashin da ya rage tsakaninmu da teku

A garin Ayetoro na jihar Ondo, wanda aka kafa a 1947, teku ya riga ya cinye unguwanni da makarantu. Haka labarin yake a Keta ta ƙasar Gana da Saint-Louis ta Senegal. Akan ɗora laifin duka a kan sauyin yanayi, kuma yana da nasa kaso. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya auna cewa teku ya tashi da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, saboda ruwa na kumbura idan ya ɗumama, ƙanƙarar Girinlan da Antatika kuma na narkewa. Abin tsoron shi ne saurin: daga milimita 1.3 a shekara kafin 1971, ya kai milimita 3.7 tsakanin 2006 da 2018.

Wani zai ce me santimita 20 za ta yi wa gari? A gaɓa mai duwatsu, ba wani abu ba. Amma gaɓar Afirka ta Yamma yashi ce da fadama a shimfiɗe, inda taƙi ɗaya na tashin ruwa ke iya shiga ƙasa da mita masu yawa. Idan hadari ya zo a lokacin cikar teku, igiya kan fara ne daga wannan sabon tsayin, ta isa inda ba ta saba isa ba, gishiri ya shiga rijiyoyi da gonaki.

Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gaɓar nan tana rayuwa ne da yashin da koguna ke kawowa, igiya ta riƙa tura shi gabas. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta tare yashin kogin Volta, Keta ta shiga uku. Katangun duwatsun da Turawa suka gina a bakin tashar jiragen ruwan Legas farkon ƙarni na 20 sun hana yashi isa Bar Beach. A Saint-Louis, a 2003 hukumomi suka yanka mashiga mai faɗin mita 4 a zirin yashin da ke kare garin domin ambaliya ta fita. Yau faɗinta ya kai kilomitoci, ƙauyen Doun Baba Dièye kuma ya nutse. Ga masu haƙar yashin gini dare da rana.

Wasu kan kafa hujja da wannan su ce ashe ɗumamar duniya ba ta da hannu. Ban yarda ba. Gaɓar da aka raba da yashinta ita ce ta fi kasa jure ƙarin ruwan, kuma tekun zai ci gaba da tashi ƙarnuka ko da an rage hayaƙi gobe. Afirka, wadda hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, tana da haƙƙin neman diyya. Amma asarar dala biliyan 3.8 ta lalacewar gaɓa da Bankin Duniya ya lissafa wa Benin da Togo da Kwadebuwa da Senegal a 2017 ba za ta jira taron ƙasashe ba. Hana haƙar yashin gaɓa da dasa itatuwan bakin ruwa suna hannun gwamnatocinmu. Katanga irin ta Eko Atlantic a Legas tana kare masu kuɗin da ke bayanta. Masuntan da ke gabas da ita suna buƙatar a bar musu yashinsu.