Rumbun zafi a ƙarƙashin ƙasa: dabarar Turawa, da abin da ya kamata mu sani kafin mu saya

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya da asubar ɗari ya san wannan: hannu na ƙanƙara, amma ruwan da guga ya fito da shi da ɗumi. Idan bazara ta kama, rijiyar dai ita ce, sai kuma a ji ruwanta da sanyi. Ba ruwan ne ya sake ba, iskar waje ce ta sake. Daga zurfin kamar metir 10 zuwa ƙasa, zafin ƙasa kusan ɗaya ne rani da damana, kuma yana daidai da matsakaicin zafin garin na shekara. A kan wannan ne Turawa suka kafa wata dabara ta ɗuma gidaje da sanyaya su, wadda Faransawa ke kira pompe à chaleur géothermique, wato pampon da ke jan zafi daga ƙasa.

Yadda na'urar take aiki

Mai shagon da ke da firigo, in ya kai hannu bayansa, zai ji zafi. Wannan zafi daga cikin firigon aka kwaso shi aka zubar waje, shi ya sa kwalaben ciki suka yi sanyi. Pampon zafi ɗan'uwan firigo ne: ba ya ƙirƙirar zafi, ɗaukarsa yake daga wani wuri ya kai wani wuri. Ana haƙa rami irin na foraj, mai zurfin metir 100 zuwa 200, a zura tiyon roba ya je ƙasa ya dawo, a cika shi da ruwa mai maganin hana daskarewa. Ruwan nan yana zagayawa ne cikin tiyo, ba a ɗibar ruwan ƙasa. Lokacin sanyi yakan ɗebo ɗumin ƙasa, na'urar ta ƙara masa ƙarfi ta raba wa ɗakuna. Lokacin zafi sai a juya aikin, a kwashe zafin ɗakuna a kai shi ƙasa.

Ribar tana nan: da kilowat ɗaya na kuran, na'urar kan kawo kilowat uku zuwa huɗu na zafi, domin ba ita ke ƙona wani abu ba, dako kawai take yi.

Inda ta yi kasuwa

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekara ta 1912 wani injiniya, Heinrich Zoelly, ya yi rajistarta a ƙasar Suwis, kuma a 1938 aka fara ɗuma gidan majalisar birnin Zurik da pampon da ke jan zafi daga ruwan kogin Limmat. Amma sai bayan tashin farashin man fetur na 1973 ne mutane suka waiwaye ta da gaske. Ƙasar Suwed, inda a wancan lokacin gidaje da yawa ke dogara da mai don maganin sanyi, ta rungume ta har na'urorin da aka kafa can suka wuce rabin miliyan. A kewayen Istokolm zafin ƙasa bai wuce digiri 7 ko 8 ba, amma ga garin da ruwa ke daskarewa a waje, wannan ma dukiya ce.

A Amurka, jami'ar Ball State da ke jihar Indiyana ta fara haƙa a 2009. Ta yi ramuka wajen 3.600 don ɗuma gine-gine 47 da sanyaya su, kuma a 2014 ta kashe manyan tukwanenta huɗu masu cin gawayin ƙasa.

Sirrin nasarar wurare irin wannan jami'a shi ne suna da buƙata iri biyu. Zafin da suka zuba cikin ƙasa da bazara, shi suke kwasowa da ɗari, kamar manomin da ke cika rumbu da kaka ya ɗiba da rani.

To mu fa?

Tambayar ta shafe mu, domin duk ma'aikacin da ke riƙe da kasafin biro, da duk ɗan kasuwar da ke da otal ko babban kanti, ya san abin da kilim ke ci a watannin afrilu da mayu. Kilim na yau da kullum yana tura zafin ɗaki ne cikin iskar waje, wadda a Yamai ko Tawa takan kai digiri 45 da rana. Tura zafi cikin zafi aiki ne mai wuya, shi ya sa takardar kuran ke nauyi. A nan zafin ƙarƙashin ƙasa yana wajen digiri 30. Ba sanyi ba ne, amma ratar digiri 15 tana rage wa na'ura wahala ƙwarai. Wannan gaskiya ce.

Sai dai akwai abubuwa uku da mai saye ya kamata ya auna. Na farko, mu buƙatarmu ɗaya ce. Ba wanda ke ɗuma biro a Maraɗi, ko da cikin ɗari. Ke nan kullum zuba zafi za a riƙa yi cikin ƙasa, babu ɗiba, kuma rumbun da ake zuba wa ba a ɗiba, cika yake yi. Shekara bayan shekara ƙasar da ke kewaye da tiyon za ta ƙara zafi, ribar ta riƙa raguwa, sai fa in an yawaita ramuka, ko an samu inda za a kai zafin, kamar ruwan zafi na asibiti ko na otal.

Na biyu, kuɗin haƙa. A Turai ma shi ne babban nauyin aikin. Yashi busasshe ba ya ɗaukar zafi da kyau. Dutse irin na Damagaram ya fi shi, amma kowa ya san tsadar huda shi. Ga kuma batun gyara: na'urar da ba mai gyaranta a gari, ranar da ta tsaya ta zama kayan ado.

Na uku, pampon ba ya tafiya sai da kuran. Ba mu manta da watan agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo wa Nijar wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarta. A irin wannan rana, rami komai zurfinsa ba ya sanyaya ɗaki.

Saboda haka duk wanda aka kawo wa tallan wannan na'ura, ya tambayi abu biyu tun kafin a yi maganar farashi: an auna zafin ƙasar wurin? Kuma ina zafin zai tafi bayan shekara goma? Ga babban asibiti ko otal mai buƙatar ruwan zafi, lissafin na iya fita. Ga gida ko ƙaramin biro kuwa, kuɗin sun fi amfani a kan bango mai kauri, da rufi mai silin maimakon kwano tsirara, da tagogin da ba su fuskanci yamma ba, da itacen inuwa a tsakar gida. Magina na da, masu soro da azara, sun san amfanin ƙasa tun ba a zo da pampo ba. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.