Zaɓen Jitar Lantarki ta Farko ga Mai Koyo a Ƙasar Makaɗa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci waƙar baka ta Hausa ya san matsayin ƙasar Bakura da Maradun da Talata Mafara a fagen kiɗa. A Bakura aka haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi zamansa a ƙasar Maradun har ya rasu a 1991. Daga Faru kuma Sa'idu Faru ya fito, wanda ya yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo waƙoƙi masu yawa. Dukansu biyu da kotso suka yi suna. To, a yau akwai samari a Birnin Tudu da kewayenta waɗanda kunnensu ya saba da wani sauti dabam, wato amon jitar lantarki da suke ji a wayoyinsu daga makaɗan Nijar irin su Bombino na Agadas da Mdou Moctar. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana wa irin wannan saurayi abin da ya kamata ya duba kafin ya fitar da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, domin jitar da ba ta dace ba ita ce ke kashe wa mai koyo gwiwa tun bai je ko'ina ba.

2.0 Yadda Jitar Lantarki ke Aiki

Garaya da gurmi da kuntigi duk suna samun amonsu ne daga jiki mai rami da aka rufe da fata. Ita kuwa jitar lantarki jikinta icce ne curarre, ba rami. Tsirkiyoyinta shida na ƙarfe ne, kuma a ƙarƙashinsu akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Wannan shi ne maɗaukin sauti. Idan aka kaɗa tsirkiya, motsinta ya kan haifar da 'yar wutar lantarki kaɗan a cikin wayar, ita kuma ta bi igiya zuwa na'urar ƙara sauti, wadda ke fitar da amon. Saboda haka mai saye ya sani abu biyu zai saya, jita da na'urarta, kuma tilas ya raba kuɗinsa tsakaninsu.

Akwai siffofi biyu da suka fi yaɗuwa. Ta farko ita ce Les Paul ta kamfanin Gibson, wadda ta fito a 1952. Ta biyu ita ce Stratocaster ta kamfanin Fender, wadda ta fito a 1954, duka a Amurka. Na asalin suna da tsada ƙwarai, amma akwai masu rangwame da aka ƙera bisa siffarsu, kamar Epiphone da Squier, da kuma Pacifica ta kamfanin Yamaha. Siffar Stratocaster ta fi sauƙin nauyi, kuma amonta siriri ne mai kaifi, wanda ya yi kusa da na gurmi, sai dai maɗaukinta mai naɗi ɗaya ya kan kwaso gunji daga wayoyin wuta. Siffar Les Paul tana da maɗauki mai naɗi biyu wanda ke kashe wannan gunji, amonta kuma mai kauri ne, amma ta fi nauyi a kafaɗa.

3.0 Abubuwan Dubawa Wajen Saye

Abu na farko shi ne wuya. Mai saye ya ɗaga jitar ya hango wuyan daga kai zuwa gindi kamar yadda kafinta ke duba katako. In ya ga ya murɗe, to ya aje ta komai arharta, domin araha ba ta ado.

Abu na biyu shi ne tazarar tsirkiya daga ƙarafan da aka gitta a wuya. A ƙarfe na 12, tazarar ta kasance kusan milimita 2. In ta wuce haka da yawa, yatsun mai koyo za su yi ciwo kafin ya kama hanya. In ta yi ƙasa ainun, tsirkiya za ta riƙa gogar ƙarfe tana zuza.

Abu na uku shi ne daidaiton murya. A kaɗa tsirkiya a sake, sa'an nan a danne ta a ƙarfe na 12 a sake kaɗawa. Wajibi ne murya ta biyu ta zama ita ce ta farko, illa dai ta fi ta tashi sama. Haka kuma a murɗa makunnan ɗaure tsirkiya a ga ko suna riƙewa, a jona jitar a juya kowane maɓalli a saurari ko yana ƙara. Bahago kuma ya nemi jitar da aka ƙera don bahagwai, kamar yadda Mdou Moctar ke kaɗawa da hagu.

4.0 Yanayi da Wutar Lantarki

Nan ne shawarar littattafan waje ba ta isar mu. Lokacin hunturu iska ta kan busar da icce, wuyan jita ya tsuke, bakin ƙarafa ya fito yana yankan hannu. Da damina kuma icce ya kumbura, tsirkiya ta yi tsatsa. Don haka a zaɓi jita mai sandar ƙarfe a cikin wuya, wadda ake juyawa a miƙar da shi, a aje ta cikin jakarta nesa da rana, a kuma goge tsirkiyoyi bayan kowane kiɗi. Tun da ba a kowace kasuwa ake samun tsirkiya ba, wanda ya je saye Kano ko Sakkwato ya haɗo da ƙarin ɗauri.

Game da na'urar ƙara sauti, mai ƙarfin wat 10 zuwa 15 ta ishi ɗaki, kuma mai aiki da batir ta fi dacewa da garin da wuta ba ta tsayawa. Akwai kuma haɗari da ya kamata a sani: tsirkiyoyin jita a haɗe suke da na'urar ta cikin igiya, saboda haka na'ura mai lahani da aka jona ga wutar da ba a yi mata wayar ƙasa ba tana iya jan makaɗi.

5.0 Kammalawa

Idan muka waiwayi al'adar wannan ƙasa, za mu ga ba a fara kiɗa daga sama. Ɗanƙwairo kansa ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa da wansa Abdu Kurna kafin ya jagoranci ƙungiya. Mdou Moctar kuwa jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayoyin birkin keke a madadin tsirkiya. Ashe ke nan abin nema ga mai koyo shi ne jita mai miƙaƙƙen wuya, mai taushin dannawa, mai riƙe murya, ba mai babban suna ba. In ya same ta, to ya fara da karin waƙoƙin da ya tashi yana ji a gida, domin da yawa daga cikinsu bisa muryoyi biyar aka gina su, kuma suna zama daram a kan jita. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.